Yadda za ki gaya wa koci abin da ke damun ki a wurin motsa jiki

A ƙungiyarmu ta mata masu motsa jiki bayan sallar asuba a unguwar Ali Ɗan Sofo ta Maraɗi, idan abu bai yi wa mace daɗi ba, ba ta faɗa. Sai dai a neme ta a rasa. In kun haɗu wajen suna ta ce gwiwa ce, ko sautin kiɗa ya yi mata yawa. Ita kuwa kocin, wadda ba ta wuce sa'ar ɗiyata ba, tana can tana zaton kasala ce ta hana ta zuwa. Wannan shirun yana damuna, domin da yawa cikinmu likita ne ya turo mu saboda hawan jini ko ciwon suga, kuma daina zuwa babbar asara ce.

Ki fara da zaɓen lokaci. Ban da tsakiyar aiki tana ƙirga, ban da zauren WhatsApp inda kowa zai sa baki har magana ta koma gulma. Ki jira a tashi, tana naɗe tabarmi, ki yi mata sannu da ƙoƙari, ki ce kina da ƴar magana. A gaban jama'a Malama nake ce mata ko da na haife ta, domin da wannan girman take riƙe aji. Sai mun keɓe nake cewa ɗiyata.

Daga nan ki faɗi abin da ya faru a jikinki, da inda ya faru. “Aikin ya yi wuya” ba ya ba ta abin kamawa. Ki ce: “Malama, tsugunon nan da muke yi sau 20, daga na 10 gwiwata ta hagu take fara suka. Akwai wani da zan yi a madadinsa?” Koci mai sanin aikinta za ta ce ki tsaya rabin hanya, ko ki dafa kujera, ko ki taka a maimakon tsalle. Ki kuma bambance mata iri biyu na ciwo. Tsamin tsoka da ke zuwa kwana ɗaya ko biyu bayan aiki abu ne da aka saba, yana wucewa. Suka a cikin gaɓa lokacin da ake motsin alama ce ta a canja.

In saurin ne ya fi ƙarfinki, akwai ma'auni da ku biyu za ku gane. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2020 ta ce baligi yana bukatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, tare da ƙarfafa tsoka kwana 2 ko fiye. Matsakaici shi ne kina iya magana amma ba ki iya rera waƙa. Idan kalma biyu ma sai kin ja numfashi, kin wuce shi, kuma haka za ki gaya mata.

Abin da ya fi wuya shi ne wanda kunya ke rufewa. Ƙaramin ciki, haihuwar da ba ta daɗe ba, aikin da aka yi miki a asibiti, ko fitsarin da ke zubowa in an yi tsalle, wanda ke samun mata da yawa bayan haihuwa. Ba za ta gani da ido ba, ga hijabi ga zane. Ki faɗa mata a keɓe, ki roƙe ta ta bar shi tsakaninku. Mai hawan jini ta sanar da ita don ta riƙa tuna mata kada ta riƙe numfashi wajen yunƙuri, domin hakan na ɗaga jini. Mai allurar insulin ta nuna mata inda take ajiye dabino ko suga a jakarta.

Wasu abubuwan na kowa ne. Zafin Afrilu da Mayu a Maraɗi yakan haura digiri 40, dole a ƙara hutun shan ruwa. Ƙurar hunturu na tayar wa masu asma. Da azumi a mayar da lokaci bayan asham. Ɗaukar bidiyo ba tare da izini ba a sa a Facebook ya raba mata da yawa da yardar mazajensu. Irin waɗannan ku shawarta ku biyu ko uku, mace ɗaya ta je da yawun sauran, da magana guda a tafiya guda. Kuma ki haɗa da abin da ta yi daidai, in gaskiya ne, kamar yadda take fara mu da ɗumama jiki a hankali.

Ki ba ta mako ɗaya ko biyu. In ta gyara, ki koma ki yi mata godiya. In ba ta gyara ba, sai a je ga mai wurin, da saninta.

Abu ɗaya ne ba ya jiran a tashi. Ciwon ƙirji, jiri, duhun gani ko ɗaukewar numfashi, ki tsaya nan take ki faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Ko ta ce ki daure, kada ki daure. In ciwon ƙirji ne, a kai ki asibiti a lokacin, kuma kada ki koma aji sai likita ya duba ki.