Yadda ake ɗora Windows bayan an canza faifan ajiyar laftof

Akuya ce ta kashe mini faifan ajiya. Ina zaune bakin shagona da hantsi ina buga wa wani malamin makaranta takardun jarrabawa, sai akuyar maƙwabta ta sako kai ƙarƙashin benci, wayar caja ta sarƙe mata a ƙaho, ta zabura. Kwamfutar ta faɗo ƙasa tana cikin aiki. Da na sake kunnawa sai na ji ƙas, ƙas, ƙas daga cikinta kamar agogon bango, allo baƙi ƙirin. Wanda ya san wannan ƙarar ya san had-dis, wato faifan ajiyar, ya yi sallama, domin irin na da faranti ne ke juyawa a ciki, wata 'yar allura na shawagi a kansa, in ya bugu yana juyi to sai dai haƙuri.

Washegari na shiga motar Ringim, daga nan na wuce Kano, titin Beirut, na sayo sabon nau'in faifan ajiya da ake kira SSD, mai giga 256. Shi ba abin da ke juyawa a cikinsa, ga sauri, ga jure jijjiga. Kafin ka sayi naka ka san irin bakin da kwamfutarka ke da shi: ko SATA mai inci 2.5 mai faɗi kamar akwatin ashana babba, ko siririn nan M.2. In ba ka tabbata ba, ciro tsohon ka sa a aljihu ka nuna wa mai shago.

Ga inda na yi wauta. Na dawo gida da murnata, na ɗaura sabon faifai, na kunna, shiru. Sabon faifai kango ne, ko tabarma babu a ciki. Windows ɗin da kake gani kullum a kan tsohon yake zaune, ya kuma tafi da shi. Sai ka sauke wani daga intanet, nauyinsa ya haura giga 5, mu kuwa a garinmu sabis sai ka je gindin tankin ruwa ka ɗaga waya sama. Dare biyu ina can da bargo sauro na cizona, in ya kai rabi ya katse. Ƙarshenta sai da na sake biyan kuɗin mota. Don haka abin da zan fi ja maka kunne a kai shi ne, kada ka baro birni sai da filash ɗinka a shirye, an zuba Windows ɗin da za ka ɗora a cikinsa, ka kuma gwada shi ya tashi a wata kwamfutar a gaban idonka.

Filash ɗin kada ya gaza giga 8, kuma duk abin da ke cikinsa zai goge, ka kwashe hotunan biki tukuna. Ka nemi na kirki. Akwai na jabu da ake tallansu a bakin tasha, an rubuta giga 32 a jiki amma cikin bai kai ko rabin rabi ba, yana karɓar fayil lafiya lau sai an zo tsakiyar aiki ya ba ka kunya. Hanya biyu ce ta shirya shi: ko manhajar Media Creation Tool daga shafin Microsoft, wadda ke yin komai da kanta, ko ka sauke fayil ɗin ISO, wato Windows ɗin a dunƙule cikin fayil ɗaya, ka zuba shi da wata 'yar ƙaramar manhaja mai suna Rufus. Ni Rufus na fi so, don ISO ɗin yana nan a hannunka, gobe in wani ya kawo tasa ba sai ka ƙona data ba. Zai tambaye ka GPT ko MBR, wato tsarin raba faifai iri biyu. Kwamfutar da aka ƙera daga wajen 2012 zuwa yau, zamanin Windows 8, GPT za ka zaɓa don da sabon tsarin tada kwamfuta mai suna UEFI take tashi. MBR na tsofaffin da suka girme su ne.

Wane Windows? Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, yana aiki amma kariyar da aka saba aiko wa kowa ta tsaya. Windows 11 kuma yana da sharuɗɗa: TPM 2.0 (wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta), RAM (ma'ajiyar aikin da ake cikin yi) aƙalla giga 4, faifai giga 64, sannan in ƙwaƙwalwar kwamfutar ƙirar Intel ce yawanci daga ƙarni na 8 zuwa sama. Tawa tsohuwar HP ce 'yar tokumbo, ƙarni na 6, don haka 10 na mayar mata, tunda aikinta buga takarda ne da firinta. Wanda zai riƙa shiga asusun banki da ita, ni dai da zan ba shi shawara sai in ce ya duba Linux Mint, wani madadin Windows, kyauta ne kuma tsofaffin kwamfutoci na sakewa da shi.

Tun kana inda sabis yake, shiga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutarka, rubuta lambar samfurinta da ke manne a ƙasanta, ka sauke direban Wi-Fi. Ba direban mota ba, wata 'yar manhaja ce da ke fassara tsakanin Windows da kayan cikin kwamfuta. Ajiye shi a filash ɗin ko a wayarka. Haka direban firinta.

Ɗaura faifan ba wuya. Kashe kwamfutar, zare caja, cire batir in mai fita ne, in na ciki ne ka zare wayarsa a hankali bayan ka buɗe murfin. Lokacin hunturu jiki na tara wutar nan da ke tsartuwa in ka taɓa ƙofar mota, to ka taɓa wani ƙarfe kafin ka sa hannu. Kusoshin ƙanana ne ƙwarai, ni a murfin kwanon sha nake zuba su, don in ɗaya ya faɗa cikin yashin tsakar gida ka yi bankwana da shi. Kada ka buɗe a waje iska na kaɗa ƙura.

Sai maganar wuta. Batirina ba ya wuce minti ashirin, don haka na je wurin Kawu mai cajin waya da sola.

"Kawu, a taimaka mini da soket ɗaya, amma don Allah kada yara su zare."

"Har yaushe?"

"Daga yanzu zuwa la'asar."

Ya kawar da wayoyi uku ya ce, "Zauna nan, ɗana, amma in hadari ya taso ba ruwana."

Soka filash, danna maɓallin kunnawa, nan take ka shiga danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi. A HP Esc ne sannan F9, a Dell F12, a yawancin Lenovo ma F12 ko wani ɗan ramin Novo a gefe da ake tsokana da tsinke. Kada ka jira ka ga rubutu, ka yi ta dannawa kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Zaɓi sunan filash ɗinka, in ya fito sau biyu ɗauki mai UEFI a gabansa.

Daga nan yare, sai Install now. In ta nemi lambar lasisi, danna inda aka rubuta "I don't have a product key". Mutane da yawa na tsorata a nan su je su biya kuɗi a banza. Lasisin ba a faifai yake ba, yana ɗaure da uwar allon kwamfutar, wato babban allon da kayan cikinta ke haɗe a kai, in dai na gaskiya ne a da, da ta hau intanet zai dawo da kansa. Sharaɗin kawai ka zaɓi irin wanda take da shi tun farko, in Pro ne Pro, in Home ne Home. Wasu ma ba za su tambaye ka ba.

Zaɓi Custom. Za ka ga layi ɗaya, "Drive 0 Unallocated Space", wato filin da ba a yanka ba. Danna shi ka ce Next, ka bar ta ta raba da kanta. In ba ka ga komai a wurin ba, yawanci faifan ne bai zauna daidai a bakinsa ba, kashe ka sake danna shi ya shige. A wasu sababbin Intel kuma sai an ba ta direban Intel RST ta wurin Load driver kafin ta gan shi.

Sauran zaman jira ne. Za ta mutu ta tashi sau biyu ko uku, kada ka taɓa ta. In ka ga ta dawo da kai shafin farko na zaɓen yare, filash ne ta sake bi, zare shi ka sake kunnawa. Tawa ba ta kai rabin awa ba, Kawu bai gama shan furarsa da sauraron rediyo ba sai ga Windows ya buɗe.

Wi-Fi bai fito ba, kamar yadda na zata. In ka manta direban, haɗa wayarka da kebul ka kunna USB tethering a wayar don ta ba kwamfutar intanet, tana hawa ba tare da shi ba. Amma maza ka shiga saitin intanet ka kunna Metered connection mai taƙaita shan data, in ba haka ba Windows zai shanye maka datar wata guda kafin ka idar da sallah. Sabuntawa masu nauyi ka bar su sai ka shiga gari. Gyara agogo zuwa West Central Africa, in lokaci ya karkace wasu shafuka ƙin buɗewa suke. Sannan ka ƙara allon rubutun Hausa a saitin yare don ƙ da ɗ da ɓ su fito maka.

Tsohon faifan kuma kada ka ba yara su yi wasa da shi. Akwai ɗan akwatin USB da ake saka shi a ciki a jona kamar filash. Wanda Windows ɗinsa ne kawai ya lalace yakan dawo da komai nasa ta haka. Nawa na gwada, ƙas, ƙas, bai buɗe ba, sai na daina don ƙara kunna shi ƙara karce farantin ne. Takardun jarrabawar nan haka na je gidan malamin bayan isha'i na ce, "Malam, a yi haƙuri a sake ba ni rubutun hannun." Ya ɗauko mini daga cikin jakar fata, na kwana ina bugawa, kwafi ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filash.