Kurakuran da malaman makaranta suka fi yi game da TRCN, da yadda za a gyara su

Ka ambaci TRCN a ɗakin malamai, a firamare ko a sakandare, abin da za ka fara ji shi ne, "Ai masu karɓar kuɗin nan ne." Wani ya ce reshen NUT ce, wato ƙungiyar malamai ta ƙasa. Wani ya ce ai ta masu NCE ce, takardar kwalejin ilimi, shi da digirinsa babu ruwansa. Wata malama ta ce tun suna kwaleji aka rantsar da su, ita ta gama da wannan. Kowannensu yana da dalilin faɗar abin da ya faɗa, amma kowanne akwai inda ya kauce, kuma kaucewar ba ta fitowa fili sai ranar tantance ma'aikata ko ranar neman sabon aiki, lokacin da gyara ya riga ya yi wuya.

Hukumar Rajistar Malamai ta Najeriya, wato TRCN, an kafa ta ne da doka mai lamba 31 ta shekarar 1993, wadda yanzu take cikin kundin dokokin tarayya na 2004. Tana ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, hedikwatarta tana Abuja, tana da ofisoshi a jihohi. Aikinta shi ne fayyace wanda ya cancanci a kira shi malami, da ajiye rajistar malamai, da ba da lasisin koyarwa, da hukunta wanda ya ci amanar sana'ar. Matsayinta ga malamai irin na hukumar likitoci ne ga likitoci.

Kuskure mafi girma, wanda sauran suka samo asali daga gare shi, shi ne cakuɗa ta da wasu hukumomin. TRCN ba ta ɗaukar malami aiki, ba ta biyan albashi, ba ta yin ƙarin girma, ba ta sauya wa kowa wurin aiki. Waɗannan na hannun SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, da sashen ilimi na ƙaramar hukuma ne ga malaman firamare, na ma'aikatar ilimi ta jiha da hukumominta ga na babbar sakandare, na mai makaranta ga na makarantun kuɗi. Fafutukar albashi kuwa aikin NUT ne, ƙungiyar da aka kafa tun 1931. Ita ce ta yi yajin aikin 2008 da ya kai ga yarjejeniyar ƙarin alawus na kashi 27.5 cikin ɗari da gwamnoni. Cibiyar NTI da ke Kaduna kuma makaranta ce, horar da malamai take yi tana ba da takardar karatu. To malamin da ya ce ba zai yi rajista ba saboda "TRCN ba ta taɓa ƙara mini ko sisi ba" yana da gaskiya a kukansa, sai dai ba a ƙofar da ta dace yake yin sa ba.

Akwai kuma masu ɗaukar lasisi tamkar kariya daga kora. A 2017 gwamnatin jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 ba su kai makin da ta gindaya ba. Cikin hujjojin da NUT ta kafa a lokacin har da cewa TRCN ce doka ta ba ikon auna cancantar malami. Duk da haka gwamnatin ta sallame su ta ɗauki wasu. Kowa na da ra'ayinsa kan wannan lamari, amma ya nuna abu ɗaya a fili: lasisi izinin shiga aji ne, zama a bakin aiki kuwa magana ce tsakaninka da wanda ya ɗauke ka.

Sai masu digiri. Nan ne na fi ganin ana jin ciwo, domin mutum ya yi shekara huɗu ko biyar yana karanta lissafi ko kimiyyar sinadarai, ya yi shekaru yana koyarwa, ɗalibansa suna ci, sannan a ce masa shi ba ƙwararren malami ba ne. Maganar tana da ɗaci, amma haka tsarin yake. Manufar ilimi ta ƙasa ta sa NCE a matsayin mafi ƙarancin takardar koyarwa, hukumar kuma ta kasa malamai gida huɗu: rukunin A masu digiri na uku, B masu na biyu, C masu na farko, D masu NCE. A kowane rukuni sharaɗin guda ne, ko dai takardarka ta fannin ilimi ce, ko kuma ka haɗa ta da takardar koyarwa. Mai digirin injiniya ko HND da ba shi da NCE, hanyarsa ita ce difloma ta koyarwa, PGDE ko PDE, a jami'a ko kwalejin ilimi ko NTI. Ana yin ta a ƙarshen mako ko lokacin hutu, mutum bai bar aikinsa ba. Ni ina ganin sharaɗin yana kan daidai. Sanin lissafi daban, sanin dalilin da ya sa yaro ɗan aji huɗu ya kasa gane raba lamba da yadda za a warware masa daban, kuma na biyun shi ake koyowa a can. Abin lura kawai, kafin ka biya kuɗin makaranta, ka tabbata hukumar ta amince da kwas ɗin a wannan cibiyar.

Mai tsohuwar takardar malanta ta daraja ta biyu shi ma NCE ce hanyarsa. Wanda kuma ya yi rajista da NCE daga baya ya ƙaro digiri, sai ya koma a ɗaga masa rukuni, ba ya ɗaguwa da kansa.

Malamar nan da ta ce an rantsar da su a kwaleji ta haɗa takardu biyu ne ta mayar da su ɗaya. Takardar shaidar rajista sau ɗaya ake yin ta. Lasisi kuwa shekara uku ne wa'adinsa, sai a sabunta. Da yawa suna sa takardar a leda su ajiye a ƙasan akwati, ba su sake waiwayarta ba sai an ce gobe kowa ya kawo takardunsa ofishin sakataren ilimi, a nan ne za a ga lasisin ya daɗe da ƙarewa, ga kuɗin shekaru ya taru. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ciro lasisinka yau ka duba kwanan watan da ke jiki. Ka kuma riƙa adana takardar duk wata bita da ka halarta, domin ci gaba da ƙaro sani yana cikin abin da hukumar ta wajabta wa malami mai rajista.

Malaman makarantun kuɗi sukan ce wannan ta ma'aikatan gwamnati ce. A'a. Dokar ta haɗa makarantun gwamnati da masu zaman kansu, a kowane mataki, ta kuma tanadi tara ko ɗauri ga mai koyarwa ba rajista.

Jarrabawar cancanta, PQE, an fara ta a 2017, kuma a kwamfuta ake yin ta. Malamai da dama ba rashin ilimi ne ke kayar da su ba. Za ka ga dattijon da ya shekara ashirin da alli a hannu ya zauna gaban kwamfuta yana laluben inda zai danna, agogon da ke saman allon yana ta ja baya, ya amsa tambaya amma bai san yadda zai wuce zuwa ta gaba ba, kunya kuma ta hana shi ɗaga hannu. Maganin wannan ba shi da tsada. Makonni kaɗan kafin ranar, je shagon kwamfuta inda yara ke gwajin JAMB, ka zauna ka yi ta yi har hannunka ya saba. Kada kuma ka ɓata lokaci kana bitar darasin da kake koyarwa kaɗai. Sana'ar koyarwa ake tambaya: dabarun koyarwa, halayyar yara, auna fahimtar ɗalibi, tare da Turanci da lissafi da sanin kwamfuta. Nemi manhajar da hukumar take aiki da ita a shekarar da za ka zauna.

A wajen biya, kada ka danƙa wa wani kuɗi a hannu don ya ce yana da hanya. Takardar jabu tana kama da ta gaske har sai an buga lambarta an ga babu sunanka. Bi shafin hukumar ko ofishinta na jiharka, ka biya ta hanyar da ta tsara, ka riƙe rasit. Idan a shago za a cike maka fom, tsaya a kan mai cikewa. Shi ne zai rubuta Mohammed inda takardarka ta NCE ta ce Muhammad, ko ya sa sunan mahaifi a gurbin naka, ko ya sa lambar wayarsa da adireshin imel na shagon. Harafi ɗaya sai ya ja maka zuwa kotu neman takardar rantsuwa.

Akwai masu cewa, "An sha ba da wa'adi, me ya faru?" Gaskiya ne. Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta sa 31 ga Disamba 2019 a matsayin ranar da marasa cancanta za su bar aji, ranar ta zo ta wuce, da yawa suna nan suna koyarwa. Hukumar tana da nata laifin a nan, haka ma wajen wayar da kai. Malamin ƙauye bai cika jin ɗuriyarta ba sai in maganar kuɗi ta taso, kuma wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata ba za a zarge shi ba in ya yi tsaki. Amma ba da sallama ake matsa wa mutane yanzu ba, a bakin ƙofa ake tsayawa. Tallan ɗaukar malamai da yawa suna neman shaidar TRCN. A Fabrairun 2023 kuma Ingila ta buɗe wa malaman Najeriya na lissafi da kimiyya da harsuna damar neman shaidar ƙwararren malami a can, kuma cikin abin da aka buƙata akwai wasiƙar TRCN mai tabbatar da cewa kana da rajista kuma ba ka da tabo.

Wannan maganar tabo ita ce aka fi jahilta, har a tsakanin hedimastoci. Dokar ta tanadi kwamitin bincike a jihohi da kwamitin ladabtarwa na ƙasa, mai ikon soke sunan malami daga rajista. Idan aka kama malami da lalata da ɗaliba ko sayar da amsar jarrabawa, abin da aka saba yi shi ne a rufa asiri, a mayar da shi wata makaranta, ko mai makaranta ya sallame shi shiru, bayan wata guda ya samu aiki a unguwar gaba, a gaban wasu yaran. Shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai suna iya rubuta ƙara zuwa ofishin TRCN na jiha, da suna da kwanan wata da shaidun da suke da su, ban da kai wa 'yan sanda in abin ya shafi laifi. Malamin da aka yi wa ƙazafi shi ma yana da haƙƙin a saurare shi a gaban kwamitin kafin a yanke hukunci.