Darasi na Bakwai: Kafin Ka Haƙa Harsashin Gini

Biyan kuɗi a gaban shaidu bai isa ya mayar da fili naka ba. A Sudan, dokar 1970 ta ce duk ƙasar da ba ta da rajista ta gwamnati ce, dokar 1984 kuma ta bar wannan ƙa'ida yadda take. Saboda haka takardar hiyaza, wato shaidar riƙe fili, da shehu ko omda (masu sarautar gargajiya) ya sa wa hannu tana nuna cewa kai ne a wurin, amma ba ta ba ka mallaka. Mutanenmu da yawa a gefen Gadarif da Sinnar ita kaɗai suka adana a akwati, kuma abin yana damunmu ƙwarai.

Takardar da za ka nema ita ce shahadat bahas, wato shaidar abin da ke rubuce a rajista game da filin, daga ofishin rajistar filaye da ke ƙarƙashin sashen shari'a. Ku je tare da mai sayarwa a ciro sabuwa, kada ka yarda da tsohuwar da ya zaro daga aljihu. A karanta maka ita a tsanake: sunan mai fili, lambar fili da ta murabba'i (rukunin filayen da yake ciki), faɗinsa, mallaka ce ko hikir, wato hayar gwamnati mai wa'adi, sannan ko an jinginar da shi, ko kotu ta riƙe shi. In wakili ne ke sayarwa da takardar taukil, wato ta wakilci, nemi mai filin ido da ido. Ta nan 'yan damfara suka fi shigowa.

Daga nan ma'aikacin awo ya zo da kuruki, wato taswirar filin, ya nuna maka kusurwa huɗu, ka kafa turaku a gabansa.

Sai batun abin da aka ware filin dominsa. Dillali kan yanka faddan ɗaya na gona, murabba'in mita 4,200, ya sayar gunduwa-gunduwa da araha. A takarda har yanzu gona ce. Muddin hukumar tsara birane ba ta sauya shi zuwa filin zama ba, an kuma biya kuɗin sauyin, ba za a ba ka izinin gini ba, abin da ka gina ma ana iya rushe shi.

Izinin gini yana buƙatar zanen injiniya da ya dace da darajar unguwar, ta ɗaya, ta biyu ko ta uku. In da hali, leƙa filin a watan Agusta bayan ruwan sama, ka ga inda ruwa ke bi. Wanda ba zai iya jira ba ya duba gindin katangar maƙwabta, ruwa yakan bar shaidarsa a jikin bulo.