Gansakuka ce ko tabo? Yadda za ka gane a wurin ninkaya na gida

Kafin ka zuba wani magani, tantance abin da ke jikin bangon, domin maganin ɗaya yana iya tsananta ɗayan.

1. Shafa wurin da hannu. Gansakuka tana da santsi da yauƙi. Tabo kuwa ba za ka ji bambancinsa da sauran bangon ba.

2. Goga da buroshi. In abin ya tashi ya gauraye da ruwa, kore ko rawaya kamar ƙura, gansakuka ce. Baƙar gansakuka ce mai taurin kai: tana kama siminti gam, ba ta jin buroshi. Kankare ɗigo ɗaya ka murza a farar takarda, in ya bar kore, ita ce.

3. Auna kulorin da ke cikin ruwan, wato sinadarin da ake zubawa don kashe ƙwayoyin cuta. In ya yi ƙasa da 1 ppm (kashi ɗaya cikin miliyan), gansakuka ta samu ƙofa.

4. Abin bai goge da buroshi ba? Danna ƙwayar bitamin C a kai na kamar minti 1. In ya yi haske, tabon ƙarfe ne. Kada ka ƙara kulorin da yawa, ƙara dafewa zai yi.

5. In bitamin bai yi komai ba, ɗora ƙwayar kulorin na 'yan mintuna. Tabon ganye ko 'ya'yan itace zai dusashe. Amma fa a kan siminti kaɗai, in shimfiɗar roba ce za ta koɗe. Sa safar hannu.