Yadda ake kafa takardar saiti don harbin nesa

Na daɗe ina kallon sababbin maharba a fili, kuma kusan duk abu ɗaya suke yi: mutum zai ɓata awa guda yana goge bindiga da madubinta na hangen nesa, amma takardar da zai harba sai ya liƙa ta cikin minti biyu, a karkace, iska na kaɗa ta. In harbi ya watse sai ya ɗora wa bindiga laifi, ko harsashi, ko idonsa. Takardar nan ita ce alƙalinka, in ta karkace duk hukuncin da za ta yanke maka karkatacce ne.

Kafin komai, maganar wuri. Ina magana ne da wanda yake da lasisi, yake kuma atisaye a fili mai izini, irin na jami'an tsaro ko na ƙungiyar wasan harbi mai rajista. Dokar makamai ta 1959 ta sa har bindigar iska cikin waɗanda sai da lasisi ake riƙewa, manyan bindigogi irin na soja kuwa ba na farar hula ba ne. Kano gari ne mai cunkoso, inda kake gani kamar daji ne, bayan tudun akwai gona, akwai makiyayi da shanunsa, akwai yara masu neman itace. Dole bayan takardarka a sami tudun ƙasa mai kauri da tsayi, ƙasa zalla wadda aka tsince duwatsu da ƙarafa daga cikinta, domin harsashi in ya daki abu mai tauri tsalle yake yi ya nufi inda ba ka aike shi ba. Katangar bulo ba ta maye gurbin tudu. In babu tudu, babu harbi.

Mataki na farko shi ne awon nisa. Kada ka auna da taku. Ka sami tef ɗin awo irin na magina mai mita 50 ko 100, ku ja shi ku biyu daga layin da maharbi ke kwanciya zuwa fuskar takarda, ba zuwa ƙafar katako ba. A dokar hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, kuskuren da aka yafe a nisan mita 50 santimita 20 ne kacal, a mita 300 kuwa mita ɗaya. Ka kuma lura ko takardar da ka samo ta yadi ce ko ta mita. Mutanen Amurka da yadi suke awo, irin yadin da muka sani a Kantin Kwari, kuma yadi 100 mita 91.44 ne. Wanda ya kafa takardar yadi 100 a mita 100 ya tsananta wa kansa bai sani ba. In ka gama awo ka kafa turke a wurin, ka shafa masa fenti, ka huta da sake awo duk mako.

Sai allo. Ni katako nake so, ba na yarda da ƙarfe ko kaɗan, ko da mai walda ya ce zai yi maka da arha. Ka je 'Yan Katako a Na'ibawa ka sayi sirara guda huɗu, kafinta ya haɗa maka firam, tsakiyarsa a buɗe. A kan firam ɗin za ka ɗora kwali mai kauri, irin na firiji ko talabijin, wanda masu kayan wuta a Sabon Gari kan sayar da shi kuɗi kaɗan. Falanki bai dace da bayan takarda ba, yana farfashewa ya yaga hujin ta baya. Ƙusoshi su tsaya can gefe, nesa da inda harsashi zai bi. Ƙafafun kuma a binne su ko a danne su da buhunan yashi, kada a tokare da dutse.

Takardar kanta tana da nata rikicin. Yawancinmu daga intanet muke sauko da zanen mu kai shagon kwamfuta a buga, shi kuwa mai shagon ya saba danna abin da ke matse zane ya shige cikin takarda. Sai zoben, wato da'irar maki da ke jikin takardar, ya ragu ba wanda ya lura. Ka gaya masa ya buga a ainihin girmansa, ɗari bisa ɗari, kuma ka tafi da rula a aljihu ka auna a gabansa kafin ka biya. A takardar mita 50 ta ISSF, faɗin zoben maki goma milimita 10.4 ne, baƙin da'irar tsakiya gaba ɗaya milimita 112.4, zoben waje kuma 154.4. Ana son faɗin katin ya kai santimita 25 ta kowane ɓangare, A4 kuwa faɗinta santimita 21 ne, saboda haka A3 za ka nema. Ta mita 300 babba ce: zoben goma santimita 10, baƙi santimita 60, zoben waje mita ɗaya cif. Wannan sai wajen masu buga zanen gini, kuma ko A0 faɗinta santimita 84 ne da ɗoriya, dole a buga ta gida biyu a haɗa. Hanya mai sauƙin kuɗi ita ce ka buga babbar sau ɗaya, bayan haka tsakiyar kawai za ka riƙa bugawa kana liƙawa a kai. Kada ka yarda a buga maka a ledar talla ko takarda mai sheƙi. Sheƙi yana kashe ido da rana, leda kuma hujinta tsukewa yake yi. Takarda mai kauri marar sheƙi, mai ɗan duhun madara, ita ce ke ba da huji mai tsabta.

Yanzu ga inda na fi so ka tsaya, domin nan ne ni kaina na yi asarar kusan wata biyu. Na kafa allona a wuri mai ɗan gangare, na liƙa takarda ina bin gefen katako, a ganina ta miƙe. A mita 100 ina son in gwada ko madubin bindigar yana hawa daidai, sai na ja layi a tsaye, in harba a ƙasa, in murɗa madubi sama, in sake harbawa. Duk lokacin da na murɗa, hujin sai ya kauce wa layin ya yi dama. Na kwance madubin na sake ɗaurawa ya fi sau uku, har na fara neman kuɗin wani. Wani dattijo, tsohon soja, da ke zuwa filin ya tsaya a bayana ya yi shiru yana kallo, can ya ce, "Ɗana, kawo zare." Na ce, "Baba, zaren me?" Ya ɗaura ɗan dutse a bakin zaren, muka taka har gaban allon, ya rataya shi a saman firam. Zaren ya sauka tsaye, layina kuwa ya bar shi ya yi gefe. Allon ne a karkace, takardar ta bi shi.

Ka yi lissafin da kanka. In takarda ta karkace digiri 3 kacal, wanda ido ba ya kamawa daga nesa, a tsayin santimita 60 layinka ya kauce santimita 3 da 'yan kai. A mita 100, ma'aunin kusurwa da maharba ke kira MOA ɗaya santimita 2.9 ne. Ka ga kenan karkatar da ba ka gani ta ci fiye da MOA guda, kai kuma za ka bi ta kana murɗa madubi, ka ɓata saitin da yake lafiya lau. In nisa ya ƙaru ɓarnar ma ƙaruwa take yi.

Ga yadda nake yi tun daga ranar. Da farko a tsayar da allo a danne ƙafafunsa, kada a liƙa takarda a gida a taho da ita. Sai a rataya zare mai nauyi daga sama a jira ya daina lilo. In iska ta hana shi tsayawa, ka tsoma dutsen cikin gwangwanin ruwa, zai natsu. Ka sa ɗigo biyu a kwali, sama da ƙasa, daidai bayan zaren, ka haɗa su da rula. Wannan layin za ka bi, ka manta da gefen katako. Ka kama tsakiyar saman takarda tukuna, ka shafe ta da tafin hannu zuwa ƙasa, ka kama tsakiyar ƙasa, sannan gefuna, kusurwoyi su zo ƙarshe. Wanda ya fara da kusurwa zai bar tumbi a tsakiya, kuma takardar da ba ta kwanta jikin kwali ba yagewa take yi maimakon ta huje, sai a rasa inda harsashi ya shiga. Ni na fi son kwaɓin sitacin rogo marar ruwa sosai a shafa siriri, ya fi abin maƙala takarda riƙo. Amma da hunturu yana bushewa kafin ka gyara zama, saboda haka ka daidaita takardar da ɗan tef a sama kafin ka shafa. In ka gama ka sake rataya zaren ka duba. Ka kuma tabbata fuskar allon tana kallon maharbi sak, domin in ya juya gefe zoben zai zama kamar ƙwai a ido.

Rana ta kasance a bayan maharbi, haskenta a kan takarda. In kana da zaɓi, ka fuskanci arewa. Da safe ya fi, musamman a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 ƙasa ta fara kawalwalniya, baƙin takarda ya riƙa rawa a madubi. Da hunturu hazo ne matsalar, iskar arewa maso gabas kuma tana kifar da allo marar nauyi, sai ka ƙara buhun yashi. Da damina ka ajiye kwali na biyu cikin leda, jiƙaƙƙen kwali ba ya riƙe takarda.

Tutar iska ƙyallen auduga ce kawai a kan sanda. A mita 50 ana yanka ta santimita 5 a faɗi, 40 a tsawo, a kafa ɗaya a mita 10 ɗaya a mita 30, a gefen hanyar harsashi yadda ba za ta tare wa kowa gani ba.

In gasa ce, kowane allo ya sami lamba babba a samansa da za a iya karantawa daga layi, launin lambobin a sassaɓa tsakanin maƙwabta, don kada wani ya harbi takardar wani. Duk allunan su zama tsayi ɗaya, takardun kuma bugun inji ɗaya. A rubuta sunan maharbi, nisa da kwanan wata a bayan takarda kafin a liƙa. Hujin da ya taɓa layi maki na sama ake ba shi, kuma kada kowa ya sa yatsa ko biro cikin huji kafin alƙali ya duba. A atisaye kuwa ka liƙe tsofaffin huji, baƙi a kan baƙi, fari a kan fari. Ba mai taka ƙafa zuwa wajen allo sai an cire harsashi daga kowace bindiga, an buɗe ta an ajiye, mai kula da fili ya ba da izini da bakinsa. Kwalin baya kuma da zarar tsakiyarsa ta zama rariya a canza shi.