Kurakuran da ke dakushe ido da kunnen mai ƙirƙira a intanet

Kuskuren da ya haifi sauran shi ne mutum ya ɗauka abin da wayarsa ke turo masa shi ne abin da yake so. Manhaja ba ta san abin da ke ranka ba, inda ka tsaya kawai ta sani. Tun 2012 YouTube ta fifita tsawon lokacin da aka yi ana kallo a kan yawan dannawa, a 2016 kuma Instagram ta daina jera hotuna bisa lokacin da aka ɗora su. TikTok ce ta ƙure abin: ko ba ka bin kowa, daƙiƙun da ka yi a kan bidiyo sun ishe ta yanke hukunci. Alhali mutum yakan tsaya a kan abin da ya burge shi, yakan kuma tsaya a kan abin haushi ko abin kunya. A wurin na'ura duk tsayawa ce.

Shi ya sa faɗa da shirme asara ce. Ka kalle shi har ƙarshe don ka tabbatar shirme ne, ka rubuta martani mai zafi, ka tura wa aboki ya taya ka jin haushi: ka jefa masa ƙuri'a sau uku ke nan, gobe kuma ƙannensa za su yi maka sallama. Maganin shi ne ka wuce da sauri. Kada ka dogara da maɓallin nuna rashin sha'awa kaɗai, domin binciken da Mozilla, masu manhajar shiga intanet ta Firefox, ta fitar a 2022 ya nuna tasirinsa a YouTube kaɗan ne. Hana tashar gaba ɗaya, ko goge bidiyon daga tarihin kallo, ya fi aiki. Ka kashe tsarin da ke kunna bidiyo na gaba da kansa. A Instagram da X akwai ɓangaren waɗanda kake bi zalla, can ya kamata ka riƙa shiga.

Sai tara-tara, wanda ya fi yaudara saboda yana kama da ƙoƙari. Mutum ya ajiye hotuna da maƙalu ɗaruruwa da niyyar zai dawo, ya ji kamar ya ƙaru, alhali bai sake buɗe ko ɗaya ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai ba ya saninta sai an tilasta masa kwatantawa. Ka ware lokaci ka koma rumbun, ka ɗauki abu biyu masu kama da juna, ka tambayi kanka wanne ya fi, kuma don me. "Ya yi kyau" ba amsa ba ce. Hasken ne ya faɗo daga gefe? Marubucin ne ya yanke labarin kafin a gaji? Mawaƙin ne ya yi shiru a inda kowa zai ɗaga murya? Rubuta dalilin a layi ɗaya. Wanda ka kasa samar wa dalili, goge shi. Idan layukan nan suka taru, za ka ga wasu dalilai suna ta maimaita kansu, kuma sau da yawa ba su ne waɗanda kake faɗa wa mutane kana so ba.

Akwai kuma aron ra'ayi: a duba yawan masu so, a karanta tsokacin jama'a, sannan a yanke ko abu ya yi kyau. Ka fara yanke naka hukuncin tukuna, ko da daga baya za ka sauya.

Masu zane, masu ɗaukar hoto da marubuta suna da nasu ciwon na daban, wato bin abokan sana'a kawai. Kowa na kallon kowa, sai aiki ya koma iri ɗaya, launi ɗaya, salon buɗewa ɗaya. Idan aikin wani ya burge ka, ka bi sawu ka gano wa ya koya a wurinsa, shi ma wancan a ina ya sha. Hanyar za ta fitar da kai daga abin da aka ɗora a makon nan, wanda shi manhajoji suka fi turowa. Kayan kuwa suna nan kyauta. Project Gutenberg na tara tsofaffin littattafai tun 1971, Internet Archive da aka kafa a 1996 na adana littattafai da sautuka da finafinai, gidan tarihi na Metropolitan da ke New York kuma ya saki hotunan dubban ɗaruruwan kayan fasaharsa a 2017 don kowa ya yi amfani da su. Ka kuma leƙa fannin da ba naka ba. Mai rubutu zai koyi tsari a wurin masu gini fiye da yadda yake zato.

Guntu-guntu ma matsala ce. Daƙiƙa talatin daga fim suna nuna maka ƙololuwa, ba sa nuna yadda aka hau. Shafin da kake ta ja ƙasa ba ya ƙarewa, ana danganta ƙirƙirarsa ga wani mai tsara manhajoji, Aza Raskin, a 2006, kuma shi kansa Raskin ya fito ya nuna nadamarsa a kai. Gara ka gama abu ɗaya mai tsawo, har da wuraren da suka gundure ka, domin a nan ake gane inda mai aikin ya yi sakaci.

Na ƙarshe ya shafi lokaci. Da yawa sukan buɗe waya neman wahayi daf da za su fara aiki, sai muryar wasu ta cika musu kai. Ka juya tsarin: fara naka, ko da mara kyau ne, idan ka cije a wani wuri sai ka je neman yadda wasu suka warware wannan matsalar takamaimai, ka rufe wayar ka dawo.