Yadda ake bin sawun kalmar Turanci har gidansu: mu gwada da "gain"

Wata Juma'a ana shirin huɗuba, lasifikar masallacin unguwarmu ta kama wata irin ƙara kamar za ta fasa dodon kunne. Yaron da ke kula da na'urar ya miƙa hannu ya ɗan murɗa wani maɓalli baya, nan take ta yi shiru. Da aka idar na leƙa, sai na ga an rubuta GAIN a ƙarƙashin maɓallin. Ni dai riba na san kalmar da ita. To me ya haɗa riba da lasifika? Abin da ya sa na bi sawunta ke nan, kuma hanyar da na bi za ta yi maka aiki a kan kowace kalma.

Mataki na farko, kafin ka buɗe ƙamus, tattaro duk inda ka taɓa cin karo da kalmar. Ɗan kasuwa in ya ce babu "gain" a kaya, riba yake nufi. Likita in ya ce "weight gain", ƙiba ce. Ɗalibi in ya yi "gain admission", ya sami gurbin karatu. Agogon da yake "gain", agogo ne mai gudu, kullum yana gaba da lokaci. A na'urar sauti kuwa, ma'auni ne na yadda aka ninka ƙarfin muryar da ta shigo ta makirfo kafin a tura ta gaba; in ya yi yawa sai lasifika ta riƙa maimaita kanta, shi ne ƙarar nan. Jera su a takarda ka duba, za ka ga biyu suka kasu: samun abin da ba ka da shi, da ƙaruwar abin da kake da shi.

Na biyu, nemi ƙamus mai kawo asali da shekaru. Ƙaramin ƙamus na makaranta ba zai kai ka ko'ina ba. Babban ƙamus na Oxford, wanda aka kammala bugunsa na farko a 1928, shi ne uban tafiya, domin yana kawo jimlolin da aka fara ganin kowace ma'ana a cikinsu. A nan za ka ga cewa "gain" ɗin da muke amfani da ita yau daga Faransanci ta shigo, tsakanin ƙarshen ƙarni na 15 da farkon na 16. Kula da wannan. Mutane da yawa da sun ji an ce Faransanci sai su ce ai William na Nomandi, wani yanki a arewacin Faransa, ne ya zo da ita lokacin da ya ci Ingila da yaƙi a 1066. Ita wannan sai bayan shekara ɗari huɗu da wani abu ta zauna a Turanci.

Na uku, kada ka tsaya a zangon farko. Tambayi ƙamus, shi Faransancin daga ina ya samo? Nan ne labarin ya yi daɗi. A tsohon Faransanci ana cewa "gaaignier", kuma ban da samun kuɗi da cin nasara, tana nufin noma ƙasa. Su ma aro suka yi daga harshen Farankawa, wata ƙabila mai magana da dangin Jamusanci wadda Faransa ta ci sunanta. A bakinsu kalmar ita ce *waidanjan, wato kai dabbobi kiwo, ko fita neman abinci a daji. Ka ga tauraron nan da ke gabanta? Alama ce cewa ba a taɓa samun kalmar a rubuce ba, masana ne suka gano siffarta ta hanyar kwatanta harsuna 'yan uwa. Har gobe Bajamushe "Weide" yake ce wa makiyaya. Bafaranshe kuma "regain" yake kiran ciyawar da ta sake tohowa bayan an yanke ta fari.

Wato ribar da ma'aikacin banki ke lissafawa a kwamfuta, asalinta saniya ce a bakin ciyawa. Wannan bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba. In Bafulatani ya ce dukiya, shanu yake nufi. Turawa ma haka suka taso: "fee", kuɗin da ake biya na makaranta ko na lauya, danginta a tsohon Turanci "feoh" ce, ma'anarta shanu da dukiya baki ɗaya.

Na huɗu, tuhumi sauti. Ya aka yi "w" ta koma "g"? In ba ka sami wasu kalmomin da suka bi irin wannan hanya ba, ajiye maganar, ƙila shaci-faɗi ne. A nan shaidu sun yi yawa. Faransawan tsakiyar ƙasa sun saba mayar da "w" ta Farankawa zuwa "g", su kuwa na arewa, har da Nomandi, sun bar ta yadda take. Shi ya sa Turanci ke da tagwaye irin su "warden" da "guardian", da "warranty" da "guarantee", shi ya sa kuma William a Faransa Guillaume ne. Ita ma "gain" tana da 'yar tagwayenta mai "w". A Magna Carta, takardar haƙƙoƙi da Sarki John na Ingila ya amince da ita a 1215, an ce in za a ci talakan manomi tara, a bar masa "wainage" ɗinsa, wato abin da yake noma da shi ya ci abinci.

Na biyar shi ne inda aka fi faɗawa rami: kama da wane ba ta wane. Za ka ga "again" da "against" ka ce ai ga "gain" nan a ciki. Babu abin da ya haɗa su. Daga tsohon Turanci "ongean" suka fito, mai nufin fuskantar abu ko komawa. "Gainsay", wato musanta magana, ita ma ta wannan gidan ce. "Ungainly", da ake faɗa wa mai tafiya ba tsari, daga harshen mutanen Nowe da Denmak na da ta fito, daga kalmar da ke nufin miƙaƙƙe. Har wata tsohuwar "gein" mai nufin amfani akwai a Turanci tun wajen 1200, daga wannan harshen na Nowe da Denmak ita ma, kafin ta Faransa ta zo ta danne ta.

Mu ma muna da irin wannan ramin a gida. Ribar da ɗan kasuwa ke nema halas ce, daga "ribhu" ta Larabci. Ribar da malamai ke tsawatarwa a kanta, kuɗin ruwa, daga "riba" ce, wadda asalinta ƙari. A boko rubutunsu ɗaya, sai a baki ne tsawon wasali da karin sauti ke raba su, kuma saiwarsu a Larabci ba ɗaya ba ce.

Daga ƙarshe, koma kan takardar da ka jera ma'anoni a mataki na farko, ka sake jera su bisa shekaru: kiwo, noma, amfanin gona, riba, nasara, sannan kowane irin ƙari, har na nauyin jiki da na agogo. Na lasifika shi ne ɗan auta, sai da aka fara harkar tarho da rediyo ya zo. Gefen kowace ma'ana rubuta harshen da ka same ta a ciki da ƙarninta, ka sa tauraro a duk siffar da masana suka gano amma ba a gan ta a rubuce ba.